Kwalaben da ke Jakar Alisabatu

Barkin Sale, Minna

Yaya Alisabatu,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Tunda kin ƙi ɗaga wayata, na ba direban Wushishi wannan takarda.

Jaririyarmu Testimony tana asibiti. Kin san bakwaini ce. An ce wata jijiyar zuciyarta ba ta rufe ba, sai suka fara mata allurar rage kumburi da ke rufe ta. Yau kwana biyu ba ta yi fitsari ba, ƙafafunta sun kumbura. Likita ya ce allurar ba ta jituwa da wasu magunguna, idan suka haɗu ƙoda suke taɓawa. Ya tambaya ko an ba ta wani abu a gida, na ce a'a.

Amma hankalina bai kwanta ba. Ke kika zauna wa matata Hadassah jego. Na ga ƙullin saiwoyi a jakarki, kuma ranar da kika tafi ba ki haɗa ido da ni ba. Me kika ɗura mata? Ki faɗa mini, tsoro nake ji.

Ƙanenki,
Irimiya

Wushishi

Irimiya,

Na amsa gaisuwa. Wayata ta faɗa rijiya ne, ba gudunka nake ba.

Saiwoyin na ciwon gwiwata ne. Ko ruwa ban ba yarinyar ba. Amma tunda bincike kake, waye ya kai ta kemis ɗin Meshach da cibiyarta ta fara wari? Waye ya sa aka yi mata allura kwana uku, ya ce kada Hadassah ta ji? Na hana ka, ka ce mutanen ƙauye ba mu san komai ba. Shi ya sa ban dube ka ba.

Na san ka. Da likita ya tambaya, maganin gargajiya kaɗai ya zo maka a rai, don a wurinka abin kemis ai na asibiti ne. Kwalaben allurar da ka jefar a bayan gida na tsince su, ga su cikin ambulan. Kai musu yanzu, kar ka tsaya cin abinci.

Allah ya tashi kafaɗarta.
Alisabatu

Yaya,

Na kai. Likita ya karanta sunan maganin, ya dube ni, ya sa aka dakatar da allurar da suke mata. Hadassah tana wurin, ta ji komai, har yau ba ta yi mini magana ba.

Da safen nan Testimony ta jiƙa mini wandon zuwa coci sharkaf da fitsari. Ban canza ba tukuna.

Ki yafe mini.
Irimiya