Inna tana kiran wani ciwo da ba shi da suna a Hausa

Assalamu alaikum jama'ar wannan gida. Admin a taimaka a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, kaina ya kulle.

Ni magidanci ne a Hadejia, ina da injin casar shinkafa. Mahaifiyata, da muke kira Inna, Bafulatana ce daga wata ruga can bayan Baturiya, aure ne ya kawo ta gari tun tana yarinya, mu kuma muka tashi da Hausa kawai, Fillanci sai gaisuwa. A ambaliyar bara ƙanina Sale, autanmu, ya shiga kwalekwale zai kwaso ragowar shinkafarmu a fadama, kwalekwalen ya kife, sai gawarsa aka samu. Inna ba ta yi kuka a gaban kowa ba, har mata suna yaba haƙurinta. Bayan sadakar arba'in ta faɗi a tsakar gida, ɓarin jikinta ya shanye.

Da ta farfaɗo sai Hausa ta ɓace mata. Likita ya ce hakan na faruwa, mutum ya koma harshen da ya fara ji. Yanzu tana gidana, ni da matata muna jinyarta da nuni kamar kurame. Kalma ɗaya take yawan maimaitawa tana dafa ƙirji, "yeeweende", haka dai kunnena ke ji, ban san yadda ake rubutawa ba. Na ɗauka zuciyarta ce ke ciwo, muka koma asibiti aka yi gwaji, aka ce ba sabon abu. Likitan ya tambaye ni me take cewa, na ce ba na jin Fillanci, ya ce damuwa ce, ya ƙara mata wani magani. Maganin barci kawai yake sa ta, abinci kuwa cokali biyu ta kau da kai.

Sai na aika wa yayanta, Kawu Jauro, ya zo daga ruga. Na faɗa masa kalmar na ce, "Kawu, kewa take nufi? Kewar Sale?" Ya ce, "Ɗana, ya yi kama da kewa amma ya fi ta faɗi. Ka san in an tashi daga mashekari, inda muke yada zango da shanu, ka dawo ka tarar da gurbin bukkoki da turakun maruƙa, ba mutum ba saniya? To in wannan wurin ya koma cikin ƙirjinka, shi ne. Ana iya kamuwa da shi ko gida cike yake da mutane." Na ce to mene ne maganinsa? Ya ce in ba shi ita ya tafi da ita, ta ji kukan shanu, ta ji ana magana da bakinta.

A nan rigima ta tashi. Ƙanwata da ke aure a Kafin Hausa ta ce in na kuskura na kai Inna daji ba za ta yafe mini ba, wai na gaji da jinya ne nake fakewa da wata kalma. Maganar ta yi mini zafi, amma tana da hujja. Rugar ba asibiti kusa, da damina ta sauka hanya ta yanke sai kwalekwale, ga ta da hawan jini, in ta sake faɗuwa kafin a fito da ita an gama. Shi kuma Kawu ya ce mu 'yan birni mun iya tsare jiki mu bar rai ya bushe, ya tafi ko abinci bai ci ba.

Makon jiya wata mai tallan nono ta shigo gidan, ta gaida Inna da Fillanci. Wallahi ban taɓa ganin haka ba tun rasuwar Sale, Inna ta gyara zama da kanta, suka yi ta magana, har ta shanye nono rabin ƙwarya. Da matar ta miƙe sai Inna ta riƙe gefen zanenta da hannun da ke motsi, da ƙyar muka ɓamɓare. A zaure na tsayar da matar na tambaye ta abin da Inna ta ce. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Ta ce ba mutuwa take tsoro ba, Alhaji. Tsoronta kada ta zo mata a wurin da in ta yi maganarta ta ƙarshe ba wanda zai gane."

Na roƙi matar ta riƙa zuwa, ta ce su ma sun kusa tashi kafin ruwa ya ci mashekarinsu.

Damina ta ƙarato, in zan kai ta sai yanzu kafin hanya ta rufe. 'Yan uwa, musamman masu jin Fillanci da ma'aikatan lafiya, ku faɗa mini gaskiya. In riƙe ta kusa da magani tana ramewa a gabana, ko in miƙa ta ga danginta ina sane mai yiwuwa sai dai a kira ni jana'iza?