Makahon Tubali

Jidda, Laraba

Lubabatu,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, ke da Asma'u. Yaya ƙafar Inna? Ni lafiya, sai zafi.

An ba ni gyaran wani tsohon gida a Balad, tsohuwar unguwar Jidda. Katangar da ta kewaye rufinsa ta jan tubalin yumɓu ce gasasshe, kowane tubali da hujinsa, don matan zamanin da su ga titi ba a gan su ba. Gishirin teku ya ci da yawa. Nakan ciro ruɓaɓɓen, in auna, in gasa sabo, in mayar.

A kusurwar yamma na tarar da ɗaya babu huji. Na ɗauka kuskure ne. Bandar, injiniyanmu, ya ce yalla, maza a daidaita shi da saura. Na daidaita, na huda shi.

Hajiya Mastura, Bahaushiya haifaffiyar nan mai sayar da gyaɗa a ƙofar gidan, ta ɗaga kai ta gani, sai ta tattara farantinta. Ta ce mini, ya waladi, wato ɗana, kakanta ne ya gasa tubalan, kuma maginan lokacin sukan bar ɗaya makaho, domin ba mutane kaɗai ke hawa rufi ba. Na yi murmushi. Yanzu ban san dalilin murmushin ba.

Naki,
Hadi

Jidda, Lahadi

Lubabatu,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, kada ki karanta wa Inna wannan.

Da tsakar rana ina ƙasa ina duban layin katangar. Kowane huji ana ganin sararin sama ta cikinsa, ban da sabon. Shi akwai ido a ciki, yana ƙiftawa. Na ce tattabara ce. Na wanke fuska, na sauya wuri, idon ya bi ni. Matakalar cikin gidan ta daɗe da rushewa, ba mai hawa sai ta ƙarafunan hawa da muka kafa a waje, su ma ni kaɗai ke hawansu.

Wataƙila rana ce ta taɓa ni. Amma Hajiya ba ta dawo ba, kyanwoyin layin ma sun ƙaura.

Na roƙi Bandar in toshe. Ya ce halas, magana ta ƙare, an riga an karɓi katangar, wanda ya taɓa ta, kafili, ubangidan da ya ɗauko mu aiki, zai soke masa iƙama, takardar zama. Kin san abin da aikin nan yake riƙe mana.

Ki saka ni a addu'a.
Hadi

Jidda, Alhamis

Lubabatu,

Ina gaishe ku da kyau. Na toshe.

Na hau da safe da ɗanyen yumɓu, na yi bismillah, ban leƙa ba. Kin san toshe huji aikin mutum biyu ne, ɗaya na dannawa, ɗaya na tarewa ta ciki, in ba haka ba yumɓun ya zube. Na danna da babban yatsa, bai zube ba. An tare mini. Na ji yatsa mai sanyi ta ɗaya ɓangaren yana shafe yumɓun a hankali, da gwaninta, har ya yi sumul. Da na tsaya, shi ma ya tsaya.

Bandar yana ƙasa yana kallona. Bai yi faɗa ba, ya dai kira kafili.

Ina nan tafe ƙarshen wata, hannu wofi. Ki gaya wa Inna aikin ne ya ƙare. Ban san ko na yi daidai ba. Abin da na sani, wanda ke can ya fi ni son a rufe.

Mijinki,
Hadi