Haƙorin Makkan Hajiya Sailuba

Tudun Gwandara, Lafiya
6 ga Oktoba, 2024

Zuwa ga ƙanena Munir,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kai da Bilkis da yara. Mu ma nan lafiya lau, sai ɓacin rai, kuma kai ne sanadinsa.

Takarda na rubuto na ba Aondoaver direba ya kawo maka, domin a waya ba ka bari in kai ƙarshen magana. Da na buɗe baki sai ka ce kana mitin. To, takarda dai ba a katse ta.

Wata biyu ke nan kana cika mana kunne da zancen kai Hajiya Misra a dasa mata haƙora. Ban ƙi ba. Ni ce nake zaune da ita, ni nake ganin yadda take tsotse nama ta ajiye a bakin kwano. Ni na kai ta aka ɗauki hoton muƙamuƙinta, ni na bi mata layin fasfo tun safe har la'asar. Duk abin da ka ce, na yi.

Amma takardar da asibitin can suka turo, wadda ka ce in buga kawai in saka mata a jaka, na kai wa Dokta Hilary, likitan haƙorin nan na hanyar Doma, ya karanta mini. Akwai zanen baki a ciki, kowane haƙori da lambarsa. Ya bi da biro yana nuna mini waɗanda aka soke. Na sama gaba ɗaya za su cire, su kafa kusoshi a ƙashi su ɗora sababbi. Na ce masa, har da na Makka? Ya ce shi ne ma na farko a layi.

Munir, ka sani ka yi shiru. Haƙorin zinaren da Baba ya sa mata shekarar da suka sauke farali, shekara talatin da ɗaya yana bakinta. An raba kayan Baba, an raba gonar Kwandere, hatta rediyonsa wani ya ɗauke. Abin da ya rage na Baba a gidan nan shi ne abin da nake gani duk sanda Hajiya ta yi dariya. Shi ne kake so ka kai ta ƙasar da ba ta jin yarensu, a yi mata allurar barci, ta farka ta kai harshe ta ji wayam?

Ban gaya mata ba, don ba na so hawan jininta ya tashi. Amma ka sani fasfonta yana hannuna, kuma ba zai fita daga gidan nan ba.

Ka gaida Bilkis. Allah ya shirye ka.

Yayarka,
Rekiya

Kubwa, Abuja
9 ga Oktoba, 2024

Yaya Rekiya,

Wa alaikumus salam. Bayan gaisuwa da girmamawa, na samu saƙonki, kuma na karanta shi har ƙarshe ba tare da na katse ki ba.

Gaskiya ne, na sani. Na yi shiru ne saboda na san abin da za ki yi, ga shi kuwa kin yi.

Bari in tuna miki Babbar Sallar da ta wuce. Na yanko wa Hajiya hanta, wuri mafi laushi a jikin rago, na miƙa mata. Ta yi godiya, ta jira na juya, ta tura wa jikokinta. Na gani. Da na kama hannunta zan taimake ta ta tashi, yatsuna biyu suka zagaye damtsenta. Matar da a da take cinye malmalar sakwara biyu da kan kifi, yau kunun gyaɗa ne abincinta safe da rana. Ke kina ganinta kullum, shi ya sa ba ki ganin ramar. Ni na gani, kuma ban ji daɗin abinci ba tun ranar.

Ban zaɓi asibitin nan da ka ba. Wurare huɗu na tura wa hoton, biyu a Misra, ɗaya a Indiya, ɗaya a Turkiyya. Dukansu magana ɗaya suka yi: na saman ba su da sauran amfani. An ba mu ranar sha biyu ga Nuwamba, biza ta kusa fitowa, na ɗauki hutu a ofis.

Kuma kada ki ɗauka ban yi tunanin haƙorin ba. Na tambaye su, sun ce za su iya lulluɓe ɗaya daga cikin sababbin da ruwan zinare, a daidai wurin. Ko ita ba za ta gane ba, balle matan unguwa. Kowa ya huta.

Yaya, ƙarfe ne fa. Ba Baba ba ne. Baba yana maƙabarta, addu'a yake bukata. Wadda take raye ita ce ke jin yunwa.

Ki ba Aondoaver fasfon a cikin ambulan, zan tare shi a tasha.

Na gode. Ki gaishe mini da Hajiya.

Ƙanenki,
Munir Ari

Tudun Gwandara, Lafiya
11 ga Oktoba, 2024

Munir,

Salamu alaikum. Aondoaver zai ba ka ambulan, amma kada ka wahalar da kanka kana lalube, takarda ce kaɗai a ciki.

Wallahi sai da na karanta wasiƙarka sau uku don in tabbatar ɗan gidanmu ne ya rubuta. Wato ku shafa wa na roba ruwan zinare, uwarka ta ci gaba da shiga gidajen biki tana washe wa mutane haƙorin Alƙahira a matsayin na Makka, ita ba ta sani ba, kai kana gefe kana jin ka yi dabara. Har ta koma ga Allah da ƙarya a bakinta, kuma kai ka dasa mata. Wannan ce tarbiyyar Abuja?

Kai da kake zuwa kwana biyu a shekara da buhun shinkafa a bayan mota, yau kai ne kake koya mini ganin rama. Ni da nake markaɗa mata wake in tace, in dafa kifi in tsince ƙaya ɗaya bayan ɗaya kafin in tafi makaranta. Duk sanda haƙorin nan ya tashi ya kumbura mata fuska, wa yake dafa ruwan gishiri da kanumfari? Wa yake gasa mata kunci da tsumma? Ba ka taɓa sani ba, don ba ka taɓa tambaya ba.

Dokta Hilary ya ce ma aikin ba tafiya ɗaya ba ce. Za a kafa kusoshin, a dawo a jira wata huɗu ƙashi ya kama, sannan a koma. Wannan ma ba ka faɗa ba. A wata huɗun nan wa zai yi jinya? Ofishinku?

Ka ce ƙarfe ne. Kai kana goye aka bar ka wurin Gwaggo lokacin da suka tafi, ba abin da za ka tuna. Ni ina da shekara tara. Ina tsaye a ƙofar gida motar alhazai ta tsaya, Hajiya ta sauko ta yi murmushi rana ta haska bakinta, unguwa ta ɗauki guɗa, Baba yana bayanta da jaka a kafaɗa. Ba zan bari a jefa wannan a kwandon sharar wani asibiti ba.

Ka huta lafiya.

Rekiya

Kubwa, Abuja
14 ga Oktoba, 2024

Yaya,

Salam. Yau ba ni da doguwar gaisuwa.

Kin ce duk sanda ya tashi ya kumbura mata fuska. Wannan layin ya tsaya mini a rai, sai na nemi lambar Dokta Hilary na kira shi. Ya gaya mini tun watan azumin bara kika kai masa Hajiya. Ya duba, ya ce haƙorin da ke ƙarƙashin zinaren ya ruɓe har saiwa, mugunya tana taruwa a dasashi, shi ne yake cinye na kusa da shi. Ya ja ki gefe ya ce a cire a makon nan. Kika ce za ki yi shawara da 'yan'uwa. Ni ne ɗan'uwan, kuma ba ki taɓa ce mini uffan ba. Ita ma kika ce mata sanyi ne.

Shekara ɗaya da rabi, Yaya. Shekara ɗaya da rabi uwarmu tana kwana da ciwo, kina ɗura mata ruwan gishiri, don ke ki riƙa ganin Baba idan ta yi dariya. Da an cire ɗaya a lokacin, likita ya ce da wataƙila ba a kai ga zancen Misra ba. Sannan ki zauna ki rubuto mini wa'azi a kan ƙarya.

Ni na ɓoye mata abin da za a yi. Ke kin ɓoye mata abin da yake cin ta. Ki auna ki gani.

Ranar Asabar ina nan tafe. Zan karɓi fasfon, ko da sai na kira Kawu Ya'akubu ya tsaya a kanmu.

Munir

Tudun Gwandara, Lafiya
16 ga Oktoba, 2024

Zuwa ga Rekiya da Munir,

Salamu alaikum. Ni ce uwarku Sailuba nake magana, maƙwabciyata Madam Ngodoo take rubutawa. Kwafi biyu ta rubuta. Rekiya, naki yana kan gadonki, tunda na ga takarda kuka fi ganewa.

Shekaranjiya direba ya zo kina makaranta, ni ya ba ambulan. Ngodoo ta karanta mini, na sa ta ɗauko sauran a ƙarƙashin katifarki, har da kwafin waɗanda kika aika wa Munir. Na ji duka. Raina ya ɓaci ƙwarai. Bakina ne kuke ta rabo kamar gonar Kwandere, ina zaune a tsakar gida.

Babanku bai sa mini haƙorin nan ba. Hanawa ma ya yi, ya ce almubazzaranci ne. Ni na sulale daga masauki da wata mata 'yar Doma, na zauna a gaban mai sawa na buɗe baki. Kwana uku babanku bai yi mini magana ba. Jakar da kika gani a kafaɗarsa, Rekiya, da fushi ya ɗauko ta.

Jiya Ngodoo ta raka ni wurin Dokta Hilary. Ya cire. Ko minti ashirin bai yi ba, kuma yau na tashi babu zogi. Zinaren yana ƙulle a bakin zanena, ba na ba kowa. Ni na sa abina, ni na cire.

Fasfona ma na ɗauke daga akwatinki.

Munir, ka zo ranar Asabar ɗin, amma ka bar kawunka ya huta. Wata biyu kuna zancen Misra, har yau ba wanda ya tambaye ni ko ina son zuwa. Ina da amsa. Wanda yake so ya ji, ya zo ya zauna a tabarma a gabana ya tambaya.

Allah ya yi muku albarka.

Uwarku,
Hajiya Sailuba