Warin Fetur a Ƙasan Benenmu

Garki, Abuja
6 ga Nuwamba, 1993

Zuwa ga Yaya Hafiza,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kuna lafiya. Ya jikin Inna, ya yara? Mu ma lafiya lau, alhamdu lillahi. Tun da aka dawo da ma'aikatar su maigidana Dallatu daga Ikko, sai yanzu na fara sabawa da zaman bene, kowa da ƙofarsa amma matakala ɗaya.

Yaya, wani abu ya hana ni sukuni. Kin tuna Rosemary ta ƙasanmu, wadda ta yi mini wankan jego da na haifi Zakariyya? Mijinta, Oga Silas, direba ne. Tun da wahalar mai ta tsananta, warin fetur yake hawowa ta tagar kicin ɗina. Na gan shi yana shiga da jarkoki lulluɓe da buhu, masu babura kuma sun mai da bayan gidanmu tasha. Ban ga cinikin da idona ba, amma duk na zo kunna risho sai na rufe tagar tukuna.

Dallatu ya ce zai je wurin 'yan sanda, na roƙe shi ya dakata. Matar da ta riƙe ni ba uwa ba dangi a kusa, ni zan sa a ɗaure mata miji? To in kuma wuta ta tashi, ta ina zan sauko da jariri? Ki sa mu a addu'a.

Ƙanwarki,
Lantana

Garki, Abuja
20 ga Nuwamba, 1993

Yaya Hafiza,

Ina gaishe ku duka. Na ji daɗin jin Inna ta samu sauƙi, Allah ya ƙara afuwa.

Na daure na sauka na sami Rosemary. Ban gama magana ba ta fashe da kuka. Ashe bumburutun fetur mijin nata yake yi, jarkokin kuma a ɗakin yaranta suke, tun tuni burodi da gari suke ci don tana tsoron kunna wuta. Ta yi masa magana har ta gaji. Ta ce, “Maman Zakariyya, ni ba ya jin tawa. Ku taimake ni.”

Washegari muka haɗa matan gidan, muka sauko da rishonmu da tukwane can filin gaba, nesa da gini, muka ɗora girki. Maza suka dawo aiki suka tarar da mu a waje. Da Oga Silas ya tambayi dalili, Mama Janet, dattijuwar cikinmu, ta ce, “Ɗana, ba mai ƙyasta ashana a ginin nan sai ka fitar da abin da ka ajiye. Mun zaɓi rana ta gasa mu da a kwashe gawar yaranmu, har da naka.” Ya dubi matarsa tana girki a cikinmu, ya sunkuyar da kai. Kafin magariba ya kwashe komai, Dallatu ma ya kama masa lodi. Oga Silas ya yi alkawarin dainawa, mun kuma gaya masa in ya sake, hukuma za ta ji.

Ya kwana biyu yana ɗaure mana fuska. Amma jiya da Zakariyya ya yi zazzaɓi, Dallatu yana ofis, Oga Silas ne ya kai mu asibiti, ya zauna a benci har muka fito.

Ki gaida Inna da yara.

Taki har kullum,
Lantana