Buhun Hatsi na Biyu

Litinin, 3 Nuwamba

Yau Metir Harisu, mai koya mamu judo a gidan samari, ya kira sunana gaban kowa. "Shamsiyya, Maraɗi." Haka kawai ya ce. Ƙarshen wata za a yi gasar ƴan mata ta jiha, Tasawa za ta kai mutum guda a kowane nauyi, kuma ina ciki. Ni da bana na shiga kwalej. Na sunkuyar da kai ina kallon yatsun ƙafata, amma cikina dariya nake.

Sai dai da sharaɗi. Na hau ma'auni, kilo 46 da rabi. Wurin ƴan 48 na Marwa ne, ita ce babbarmu, ɗamararta ta judo koriya. Wurin da babu kowa shi ne 44. Metir ya ce in riƙa rage tuwo kaɗan-kaɗan, kafin ranar na sauka. Na ce to. Ni dai kullum to nake cewa.

Laraba, 5 Nuwamba

Marwa ta rako ni har bakin unguwarmu. Ba ta taɓa yi ba. Ta ce rage tuwo na masu lokaci ne, ga yadda manya ke yi: a huda leda a sa ƙarƙashin riga a yi gudu cikin rana, a yi ta tofar da miyau, a sha ganyen filasko ciki ya wanke, in awo ya matso a bar ruwa ma. Ta ce ita kanta 51 take, haka take sauka duk shekara.

Na so in tambaye ta me ya hana ta shiga ƴan 52. Ban tambaya ba. Daga baya na ji a wurin ƴan matan cewa akwai wata a 52, ƴar Maraɗi, ana ce mata Bulo. Bara waccan ta maka Marwa da ƙasa tun ba ta gama riƙe riga ba.

Asabar, 8 Nuwamba

Matsalar ita ce Gwaggo Zara'u, ƙanwar Baba da nake zaune wurinta. A gidanta ba a rage abinci a kwano. Fura take saidawa bakin ƙofa, ni ke daka mata kafin in tafi lakwal, makarantar boko, kuma tana faɗa wa kowa duk unguwar babu mai hannun dakana. Da gaskiyarta. Tun ina Maijirgi nake da ƙarfi, ni ke jan guga in yayyena sun gaji.

Na ce mata ramuwar azumi nake. Akwai ramuwa a kaina, amma ba ta kai wadda na faɗa ba. Da magariba in ci loma uku, sauran in kai wa akuya. Akuyar nan ta fara bina duk inda na yi.

Allah ya yafe mani.

Litinin, 10 Nuwamba

45 da ɗigo takwas. Ni na yi wannan, ba wanda ya taya ni.

Alhamis, 13 Nuwamba

Gwaggo ta fara yi wa masu sayen fura alfahari da ni. Wai ɗiyar yayanta yarinya ƙarama, ga lakwal ga azumi, ba ruwanta da yawon banza. Wata tsohuwa har ta dafa kaina ta sa mani albarka. Ji na yi kamar ƙasa ta buɗe in shige.

Taɓarya ta yi nauyi. Da safe sau biyu na jingina da bango, Gwaggo ba ta gani ba. Fitsarina kamar shayin da ya kwana a buta. A wurin horo na riƙe rigar wata da ban taɓa jin nauyinta ba, sai yatsuna suka buɗe da kansu. Na ce zufa ce.

45 da ɗigo biyu. Marwa ta ce in ga jiri ya zo, alama ce abin na aiki.

Lahadi, 16 Nuwamba

Baba ya zo daga Maijirgi da amalanke, ya kawo mamu sabon hatsi kamar yadda ya saba in an yi kaka. Na durƙusa na gaishe shi. Ya daɗe yana kallon wuyan hannuna. Bai tambaye ni komi ba. Baba ma ba mai magana ba ne, wurinsa na gado.

Ya sha fura, ya yi azahar, ya yi sallama. Har ya kwance jaki, sai ya koma ya sauke buhu na biyu, wanda ya ce zai kai kasuwa. Ya jawo shi har tsakar gida ya jingine jikin turmi.

"Zara'u, in guda bai isarku, faɗa mani za ki yi. Ba a ɓoye wa ɗan'uwa irin wannan."

Gwaggo ta ce azumi nake. Ya ce shi ma yana azumi, bai taɓa komawa haka ba. In ya dawo ya iske ni yadda nake, zai maida ni gida, lakwal ɗin da kokawar Turawan duk a bar su.

Bayan ya tafi Gwaggo ba ta fitar da furar marece ba. Ta zauna kan kujerar tsuguno tana kallon buhun. Can ta ce, ba da ni take ba, "Shekara biyu yarinya na hannuna. Ni mai saida fura. Yau Yaya ya ce na bar ɗiyarsa da yunwa."

Bai ce haka ba. Amma ya ce.

Litinin, 17 Nuwamba

Buhun na nan inda yake. Na je in shigar da shi ɗaki, Gwaggo ta ce kar in taɓa.

Da na dawo lakwal na faɗa mata duka. Ledar, filaskon, akuyar. Ina faɗa ina kallon ƙasa. Na ɗauka za ta mare ni. Ta tambaya kilo nawa ne ake wannan wahala a kai. Na ce biyu da rabi. Ta ce a gidan likita mata na kwana da jariransu suna roƙon Allah ya ƙara masu ko rabin kilo, ni kuma na samu ina zubarwa.

Ta ɗauki mayafi wai za ta je wurin malamin nan. Na ce ta bari ni zan faɗa mashi.

"Ke? Ke da in an aike ki sayen gishiri da yatsa kike nunawa?"

Na ce ni.

Ta dama fura da nono mai kauri ta tsaya kaina. Kurɓar farko har cikin kunnuwana na ji ta. Na shanye, na lashe ludayi.

Laraba, 19 Nuwamba

Na je. Na tsaya bayan Metir har aka tashi. Ban iya ba.

Juma'a, 21 Nuwamba

Na faɗa!

Muna jere bakin tatami, shimfiɗar da muke kokawa a kai, ana shirin gaisuwa, na ji bakina ya buɗe. Na ce, "Metir, ni ba ƴar 44 ba ce. Ƴar 48 ce. A haɗa ni da Marwa. In ta kada ni na haƙura da Maraɗi."

Marwa ta yi dariya ta ce ashe ina magana. Metir bai yi dariya ba. Ya tambayi me ya faru, na ce ina son cin abinci. Wasu suka ƙyalƙyale. Shi ya matso ya dubi leɓen Marwa, ya ce ta juya, sai aka ji ledar na ƙara cikin kimononta, rigar judo. Ransa ya ɓaci ƙwarai. Ya ce rage tuwo ya ce, bai ce mu busar da kanmu kamar kilishi ba. Ya daɗe yana shafa kai. Daga ƙarshe ya ce gobe, ni da ita, wadda ta yi nasara ita ke da 48.

Wurin sa takalmi Marwa ta ce mani ita ta koya mani faɗuwa ranar da na fara zuwa, in tuna. Na tuna.

Asabar, 22 Nuwamba

Na kada ta. Ipon, kayen da ke ƙare wasa nan take.

Bari in rubuta a hankali don kar in manta. Da safe na yi daka, taɓarya ta koma yadda na san ta. Na ci tuwo da miyar kuka. Da muka gaisa muka riƙe juna, nan take na gane. Riƙonta irin nawa ne na ranar Alhamis, yatsu na nan amma babu kowa cikinsu. Ta kawo ƙafa sau biyu, na tsallake. Ta fi ni iyawa, wannan ba gardama. Ta uku ta turo ni da ƙarfi, na juya na sa mata ƙugu na durƙusa kaɗan, yadda nake ɗaukar dami. Sai na ji ba ta da nauyi. Ƙarar bayanta kan tatami har yanzu tana kunnena.

Na san mai jin yunwa na kada. Na sani. Duk da haka ni na kada ta, kuma ƙugun nan ya fita tsaf, Metir da kansa ya ce.

Ta kwanta tana kallon rufin kwano. Metir ya ce mata ko 52 ko zaman gida, kuma duk wadda ya sake kamawa da leda ta bar mashi wurinsa. Ta tafi ba ta yi wa kowa sallama ba.

Gwaggo ta yi guɗa har maƙwabta suka leƙo, sun ɗauka haihuwa aka yi.

Laraba, 26 Nuwamba

Marwa na zuwa horo, ba ta kallona. Ni ma ban san ta ina zan fara ba.

Amma Gwaggo ta ce jiya wata doguwa mai tabo a haɓa ta zo sayen fura, ta sha nan tsaye, ta ce a ƙara. Ba ta tambayi kowa ba. Gwaggo ta gane Marwa ce, ta cika mata nono.

Lahadi, 30 Nuwamba

Jiya muka je Maraɗi. Ban taɓa ganin ɗaki mai girman wannan ba. A layin awo ƴan mata sun yi jugum, wasu na tofa miyau cikin gora, wata an riƙe ta ta gefe biyu. Ni na ci burodi da shayi a tasha. Na hau, 47 da ɗigo uku. Na sauka kaina a sama.

Na kada biyu. Ta uku, wata ƴar Dakoro, ta danne ni a ƙasa na kasa juyawa. Na dawo na kada wata na samu matsayi na uku. Lambar tagulla, da zare kalar tutarmu. Da aka rataya mani ita kowa na kallona, gara faɗan sau goma.

Sannan Marwa da Bulo, a ƴan 52. Wallahi sunan ya dace da ita. Na ga Marwa na goge tafin hannu jikin wando. Aka fara. Bulo ta ja, Marwa ba ta tafi ba. Ta sake ja, ba ta tafi ba. Ban san lokacin da na miƙe ba. Sun ce wai ina ta ihu, "Riƙe hannun riga, Yaya Marwa! Kar ki ba ta ƙugu!" har alƙali ya waigo. Bulo ce ta ci, da maki guda, amma sai da lokaci ya ƙare Marwa na tsaye kan ƙafafunta, Bulo na haki kamar jakin da ya hau tudu.

A mota Marwa ta zauna kusa da ni, alhali akwai wuri gaba. Mun wuce Gazawa kafin ta yi magana. Ta ce bakina kamar lasifikar masallacin Juma'a, na ba ta kunya gaban mutane. Sai ta ɓare gyaɗa ta zuba mani rabi a hannu.

Laraba, 3 Disamba

Baba ya zo, saƙon Gwaggo ya kai mashi. Ya kama wuyan hannuna ya matsa, ya saki. Ya juya lambar gaba da baya, ya tambaya ko ana saida irinta. Na ce a'a. Ya ce to a adana ta da kyau. Na ga ya sake dubanta da ya ɗauka ba na kallo.

Bai ce wa Gwaggo ta yi haƙuri ba. Ya dai sha fura kwano biyu, ya ce duk ƙasar Tasawa babu irinta. Gwaggo ta ce ta ji, amma buhunsa na nan inda ya aje shi, ko zare ba a kwance ba, ya tafi da abinsa. Ya ce bari ya kira wani a waje ya kama mashi.

Na ce, "Bari, Baba. Ni zan ɗauka."

Na rungume shi, na sa ƙugu, na kai shi har kan amalanke. Jakin ma sai da ya waigo. Baba ya bi ni da kallo, ya dubi Gwaggo, Gwaggo ta gyara ɗaurin zane ta koma kan furarta.

Wai a cewarta tun da na dawo Maraɗi na dame ta da surutu, yau har mai nono na yi wa ciniki. Ni ban ga alama ba. Nonon ne ya yi ruwa, dole wani ya faɗa.