Fitilun Ikko Sun Ci Ladancina

Daga Bube a Ikko, bakin teku, zuwa ga ɗana Sama'ilu a Tambuwal. Gaisuwa da aminci. Yaya innarka da ƙannenka?

Lafiya lau nike, sai dai ladancin masallacin zango ya kuɓuce mini. Nasara sun kafa fitilu marasa mai, inji ke kunna su. Daren farin azumi na farka, na ga hasken fitilun ya sa gari fayau kamar asuba ta yi, na rangaɗa kiran sallar asuba. Zango kaf anka ɗauki azumi ba sahur.

Yanzu dakon gawayi nika yi wa injin nan. Ka ga ubanka ke haskaka gari!

Ɗangiwa na Kebbe ya gan ni baƙi ƙirin, kuma ya kamo hanyar gida. Allah shi yi maka albarka, ka riga shi gaya wa innarka. Ni ko a takarda na kasa.