Tuƙubar Yaya Ƙasimu

Birkiteri, Yawunde
Mayu, 1974

Zuwa ga Baffa Mijinyawa, a Garwa.

Baffa, ka taɓa ganin ragon da ke kuka don ya kasa aiki? Da tambayar na fara don ita ke cina. Bayan haka, assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar ɗa ga uba, da fatan kana lafiya, kai da iyali duka. Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana. Mu nan alhamdu lillahi. Matata Karimatu ta sauka lafiya, an samu mace, an sa mata Zara. Ruwa kuwa ya ishe mu, kwata ta cika har bakin zaure.

Saƙonka ya iso ta bakin Gali direba. Bai ko kawo shi gida ba, a bakin tuƙuba ya sauke shi, gaban mahauta da masu sayen tsire. Wai ka ce ragwanci ke damun Yaya Ƙasimu. Wai ko dai ya koma bakin wuta kamar yadda marigayi Baba ya tsaya har ƙarshen ransa, ko Sarkin Fawa ya miƙa tuƙubar ga Gajere, ƙanin matarka, a Juma'ar ƙarshen wata. Yaya na zaune yana jera nama a tsinke aka faɗi wannan. Bai ɗago kai ba.

To bari in gaya maka ragwancin. Likitan da ya duba shi ya kira ciwon sikileros an filak. Ya ce jijiyoyin da ke kai saƙo daga ƙwaƙwalwa zuwa gaɓoɓi ne ke lalacewa, ciwon yana lafawa yana tashi, ba ya warkewa, kuma zafi na tsananta shi. Na ƙara bin takardar likitan da ɗan Faransancin da na tsinta a jaridun naɗe nama, haka ɗin ne. Gajiyarsa ba irin tamu ba ce da barci ke wankewa. Da ita yake kwana, da ita yake tashi. Ƙarfin da yake samu da safe bai fi cikin moɗa ba, shi zai raba wa yini guda. In ya yi wanka, to ranar ba zuwa masallaci. Buta da hannu biyu yake ɗaga ta. Matarsa Hansai ta ajiye masa kujera tsakanin ɗaki da bayi, don tsakar gidan nan da muka yi tsere a ciki muna yara ta zame masa tafiyar yada zango. Wani lokaci tuwo na gabansa, yunwa na cinsa, tauna ce ta gagara.

Sai ga ganyen da ka aiko kwanakin baya, ka ce a yi masa surace ya yi gumi, kasala ta fita. Na ce kada a yi. Inna ta ce ba a mai da maganar Baffa. Aka lulluɓe shi da bargo kan tukunya mai tafasa. Da aka yaye, idonsa na hagu ya dushe, ƙafafunsa kamar ba nasa ba, ni da Hansai muka cicciɓe shi zuwa gado. Ya yi kwanaki ko sallah a kwance yake yi. Yanzu kuma garwashi kake so ya tsaya a kai daga la'asar har a tashi kasuwa? Subhanallahi, Baffa!

Ai tuƙubar ba ta mutu ba. Da sanyin safiya yakan zauna a inuwa da jiƙaƙƙen tsumma a wuya, ya yanka, ya jera, ya haɗa yaji da ƙuli. In hantsi ya yi ya kwanta. Da yamma ni ke shan hayaƙin. Ma'aikata har daga unguwar Tsinga suke gangarowa don yajinsa, ba don kyan fuskata ba. Gajere kuwa, da ko gishiri bai san awonsa ba, tun yanzu ya fara zagayowa yana taɓa wuƙaƙen Baba.

Yaya ya roƙe ni kada in rubuto, wai kai uba ne. Amma jiya ya ce min in aka karɓe tuƙubar bai ga abin da zai sa ya ƙara sauko da ƙafarsa daga gado ba. A hankali ya faɗa, ba fushi, shi ya sa na tsorata.

A gaida Inna Mairama da Babba da Fanta. Inna da Hansai na gaisuwa, Yaya ma ya ce a gaishe ka.

Gali zai juyo kafin Juma'ar. A bainar jama'a ka kira ɗan ɗan'uwanka rago, don haka ba na son amsar kunne. Ka aiko da ita ga Sarkin Fawa, a faɗe ta a ƙofar masallaci kowa na ji: ko ka janye, ko ka ce da bakinka ka san ciwon, ka kuma zaɓi Gajere. In ka yi shiru, ni zan miƙe a wurin in tambaya da sunanka.

Ɗanka,
Abdussamad